Shekara 16 ina fama da kafaɗa mai gocewa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni Badamagare ne, an haife ni a wani ƙauye na ƙasar Mirya, yanzu ina zaune cikin garin Zinder ina sana'ar ɗinki. Duk wanda ya same ni da singileti a shago lokacin zafi, sai idonsa ya tsaya a kan tabon da ke gaban kafaɗata ta dama, wasu har su tambaya ko wuƙa aka daɓa mini. Wuƙa ce kam, amma ta likita, kuma da ƙafata na kai kaina bayan na shekara 16 ina guje mata. Labarin shekarun nan nake so in bayar, ko Allah ya sa wani mai irin ciwona ya karanta tun ƙashinsa bai cinye ba.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In maganata ta taso sai ta ce "wancan". Baba manomi ne, da rani kuma yakan kawo gero da wake Kasuwar Dole. Na yi lakwal har na shiga kwaleji, amma hankalina yana fagen kokowa. A wajenmu da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, ganga za ta fara kira da yamma, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Tun da aka soma gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, da wuya ka sami yaro mai ƙirji a karkarar Nijar da bai taɓa mafarkin an naɗa masa rawani an miƙa masa takobin ba. Mu a rediyo muke saurare, mu kewaye shi kamar masu jin ɗumi. Ina da tsawo, ina da dantse, makaɗa sun fara riƙe kirarina. Wannan ya ishi ɗan shekara 17 ya ɗauka ba mai kai bayansa ƙasa.

Kakar 2005 ce, shekarar da aka sha yunwa har mutane suka koma ga anza da ganyaye. Da sabon gero ya shigo, sai gari ya ɗauki murnar wanda ya tsallake rijiya da baya, aka sa kokowa. Aka haɗa ni da wani ƙato daga ƙauyen da ke gabas da mu, ya girme ni da kusan shekara biyar. Mun jima muna zagaye, sai ya sunkuya ya cafki ƙafata ta hagu ya ɗaga. Da na saki jiki na faɗi, da kaye ne kawai, gobe a manta. Amma ƴan matan garinmu suna tsaye, Baba yana zaune a gaba, sai na miƙa hannun dama baya don in tokare ƙasa. Nauyina da nasa suka sauka a kan hannun nan yana miƙe. Na ji wani ɓas daga cikin jikina. Da na duba, kafaɗar da na sani mai tudu ta zama kamar kusurwar akwati, ga wani ƙullutu ya fito ta gaba a ƙarƙashin ƙashin wuya, hannun kuma ya ƙi matsowa jikina.

A amalanke aka kai ni gidan maɗori. Tsoho ne, gadon gidansu ne. Ya kwantar da ni a tabarma, ya sa diddigensa cikin hammatata, ya kama wuyan hannun ya ja yana tofi. Na yi ihun da har yau abokan wasana ke kwaikwaya. Sai ƙwal, ta koma, zafin ya faɗi kamar an zuba wa garwashi ruwa. Ya shafe wurin da man shanu, ya ce kwana bakwai kar in ɗauki ko buta. Baba ya ba shi tiya biyu ta gero.

Ba na zagin tsohon nan, Allah ya jiƙansa. Ƙashi ya goce, ya mayar da shi, kuma a daren nan ba mu da wani sai shi. Abin da hannunsa ba ya iya gani shi ne ɓarnar da ta auku a ciki. Na yi makonni wani fili a gefen kafaɗar, kamar faɗin tafin hannu, ba ya jin taɓi, ko na mintsine shi. Daga baya likita ya gaya mini jijiya ce da ke ratsawa ta wurin ta ja, kuma na yi sa'a ta farfaɗo. Ya ce wani lokaci gocewa kan zo tare da karaya, in aka ja ba tare da an ɗauki hoto ba sai a ƙara lalata abin.

Kwana ashirin na koma fage. Ko minti biyu ba a yi ba ta sake fita, wannan karon ma ban faɗi ba, hannu kawai abokin karawar ya banƙare. Daga nan magana ta tashi daga ciwo ta koma jifa. Goggo ta rantse an ɗaure ni a fage ne, ƙaton nan da gurunsa ya zo. Aka yi rubutu na sha, aka ɗaura mini kambu a dantsen, wanzami ya yi mini ƙaho ya yi tsaga ya cusa baƙin magani. Akuya biyu suka tafi a wannan hanya. Ni kaina na fi son zancen jifan. Wanda aka jefa ai jarumi ne da aka ji tsoro, wanda kafaɗarsa ta lalace kuwa sunansa naƙasasshe.

A 2008 na shigo birni neman kuɗi. Na fara da dako a Kasuwar Dole, ranar da na ɗaga buhu zan aza a mota ta fita. Na koma ga-ruwa, tunda Zinder ba ta rabo da ƙishirwa, mai kura da jarkoki ba ya rasa ciniki. Turawa ba ta dame ni ba, sauke jarka daga kura ne ya kore ni. A ƙarshe wani Alhaji ya ba ni babur na shiga kabu-kabu, na yi ta biya har ya zama nawa.

Na daina ƙirga fitarta bayan ta wuce talatin. Na koyi mayar da ita da kaina: in zauna ƙasa, in naɗe gwiwa, in sarƙe yatsuna a gabanta, in yi baya a hankali har in ji ta faɗa. Ba koya wa kowa nake yi ba, don wannan dabarar tana cikin abin da ya cuce ni. Sai na mai da abin wasa. A fada muna shan shayi, samari su ce in nuna musu, in goce ta in mayar, a yi ta shewa. Da yake kowane karo fitar tana ƙara sauƙi kuma zafin yana raguwa, na ɗauka jikina ne ya saba. Ashe bakin ƙashin ne ke cinyewa, ƙofa tana ƙara faɗi.

Abin da ba a gani a fada shi ne tsoro. Mai irin wannan ciwo ya san akwai wurin da hannunsa ba ya zuwa: sama, a gefe, sannan baya, kamar mai shirin jifa. Rayuwata duka ta koma kaucewa wannan wuri. In fasinja ya miƙo kuɗi ta baya, sai na juyo da jikina gaba ɗaya. Riga ta hannun dama nake fara sa ta. Ba na miƙa in na tashi daga barci. Ta taɓa fita ina atishawa, ta taɓa fita cikin barci don na ɗora hannu a bayan kai. Tun daga ranar nake ɗaure wuyan hannun da ƙyalle a ƙuguna kafin in kwanta. Daren farko da amarya ta tare, ta ga ina wannan ɗauri, ta zaci wani asiri ne, har ta fara karanta ayatul kursiyyu a ɓoye. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. Ta ce, "To Malam, an je likita?" Na ce wannan ba ciwon likita ba ne.

A shekarun kabu-kabu ne kuma na faɗa wa tramol. Da farko don tsamin kafaɗa bayan ta fita, daga baya don in iya yini a kan babur, daga baya ba don komai ba, sai don in ban sha ba jikina ba ya zama nawa. Wannan ban taɓa faɗa wa Baba ba har ya bar duniya.

Sau ɗaya na shiga hannun likitoci a tsakanin nan. Na faɗi da babur a kan yashi, ta fita, na yi dabarata har sau uku ta ƙi komawa. Abokan aiki suka kai ni asibiti, aka ɗauki hoto, aka yi mini allura jikina ya saki, suka mayar da ita ba tare da na yi ko tari ba. Wani matashin likita ya tambaye ni karo na nawa ke nan. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro. Ya ce wannan kafaɗa ba za ta daina ba sai an yi mata aiki, ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan ƙashi. Na ninke takardar na sa a ƙasan akwati. Dalilaina uku ne, kuma a lokacin duk ina ganinsu da nauyi: an ce akwai wanda aka yi wa allurar barci bai farka ba, an ce in ka kai ƙashi asibiti yankewa suke yi, sannan babu kuɗi. Na ukun ne kaɗai gaskiya, kuma shi ma da na tara abin da na kashe a tramol da malaman tsibbu, da an rage hanya.

Baba ya rasu cikin azumin 2019, ana tsananin zafi. Na je ƙauye da asuba. Makara ba ta ba ni wahala ba, na sa kafaɗar hagu muka tafi. Da aka isa maƙabarta aka gama gyara kabari, liman ya ce ƴaƴansa su shiga su karɓe shi, mutane suka buɗe mini hanya, ni ne babba. Na tsaya a bakin ramin. Duk wanda ya taɓa shiga ya san yadda ake karɓa: kana ƙasa, ka ɗaga hannu biyu sama, a sauko maka da nauyin mutum a kansu. Wurin nan ne daidai da hannuna ba ya zuwa. Na hango kaina kafaɗa ta goce, Baba ya suɓuce daga hannuna a gaban jama'a. Ƙafata ta ƙi motsi. Baffa ya dube ni, ya dafa ƙanena ya ce, "Kai shiga." Suka shiga su biyu.

Mutane sun ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina, har ana ba ni haƙuri. Na bar su a haka. Amma mutumin da ya ɗora ni a amalanke, ya auna geronsa a shekarar yunwa ya biya maɗori, ya sayar da awakinsa saboda hannun nan, ranar da ya buƙaci hannun sau ɗaya tak ban iya miƙa shi ba. Da muka koma gida na shiga gaida Inna, ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba. Ta dai ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan ya ci abinci in an sha ruwa." Na san ƙanena ya gaya mata.

Bayan sadakar arba'in na fiddo takardar nan daga akwati, duk ta yi ja. Niyyata Kano, don ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, kuma mutanenmu sun saba zuwa can neman magani. Ina cikin tara kuɗi Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, kasuwa ta yi sanyi, fasinja ya ragu, abin da na tara ya tafi a cefane. Kafin a farfaɗo korona ta shigo a 2020, har aka killace Yamai. A wannan zaman ne na fara zuwa shagon wani tela maƙwabcinmu ina koyon ɗinki, don na san ko an yi aikin ko ba a yi ba, kwanana a kan babur ya kusa ƙarewa.

Sai a 2021 abin ya haɗu. Na sayar da babur. Mai ɗakina ta kwashi adashinta ta ba ni ko jika ɗaya ba ta cire ba. Ana jibi zan tafi ƙanwata ta zo daga ƙauye da ƙullin tsumma, ta ce Inna ta sayar da tumakinta biyu, ta ce a ba wancan. Ban iya buɗe ƙullin a gabanta ba.

Yamai na nufa, wajen kilomita 900. Motar ta tashi tun kafin kiran assalatu, Takeita, Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ba mu shiga ba sai dare. Na sauka wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kilishi.

Likitan ƙashin Bahaushe ne, wannan ya taimake ni ƙwarai. Ya zaunar da ni, ya ɗaga hannun gefe, ya fara juya shi baya a hankali. Ban san lokacin da na damƙe hannunsa da na hagu ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka riga ka ba ni amsa." Ya tura ni hoton sikana. Da sakamako ya fito ya juyo mini da kwamfutarsa, ya tambaye ni ko na san tulu da gammo. Ya ce kan ƙashin dantse kamar gindin tulu yake, mazauninsa a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan fili ne marar zurfi, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina fiye da kowace gaɓa, shi ya sa kuma ya fi kowace gaɓa saurin gocewa. Abin da ke riƙe tulun shi ne wani gammo na guringuntsi da ya kewaye bakin mazaunin, da jijiyoyi da tsoka. Ranar kokowar nan gammon ya yage daga gaba, kuma bai koma ya manne a wurinsa ba. Sunan wannan yagewa Bankart, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1923. Ya ce ga wanda abin ya sama yana ƙasa da shekara 20, kuma ya koma wasa irin nawa, mafi yawa sai ta sake fita.

Sannan ya nuna mini abin da shekaru suka yi. Bakin mazaunin ta gaba ya cinye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu babu. A bayan kan ƙashin dantsen kuma ga wata lotsawa, kamar an danna ƙwarya ɗanya da babban yatsa, inda yake karo da bakin duk lokacin da ya fita. Ya ce da na zo a shekarun farko, da gammon kawai za a ɗinke a mayar, har akwai inda ake yin wannan ta ƴan ƙananan huji da kyamara. Yanzu ɗinki kaɗai ba zai riƙe ba, don wurin da za a ɗinka shi ya tafi. Sai an yi ciko da ƙashi.

Aikin sunansa Latarje, wani likitan Faransa ne a birnin Liyon ya fito da shi a 1954. A gaban allon kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da likitoci ke kamantawa da bakin hankaka. Shi ake yankowa, kamar santimita 2, tare da jijiyar tsokar da ke manne da shi, a dasa shi a bakin mazaunin inda ya cinye, a ɗaure da ƙusoshi biyu masu murɗi. Ƙashin ya cike giɓi, jijiyar kuma in ka ɗaga hannu sai ta miƙe ta tare gaba kamar majanyi. Bai ɓoye mini komai ba: jijiyar hannu na iya taɓuwa, ƙashin na iya ƙin haɗewa, ciwon na iya ruruwa, kuma hannun ba lalle ya koma juyawa baya kamar na hagu ba.

Sai ya tambaye ni taba da ƙwaya. Na ce taba kaɗan. Ya yi shiru yana kallona. Na ce da tramol. Ya ce taba tana hana ƙashi haɗewa, tramol kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma jijjiga ɗaya ta isa ta tsinke duk abin da zai dasa. Ya ce ba zai taɓa ni ba sai na bari. Ya tsara mini yadda zan riƙa ragewa, don yankewa lokaci ɗaya ma haɗari ne, ya ce in dawo bayan wata biyu. Na fito ina jin haushinsa, kuɗin mota kawai nake lissafi.

Watannin nan biyu sun fi aikin kansa wuya. Gumi, hamma, hawaye ba na kuka ba, ƙafafu kamar ana sara, dare ba barci, faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mai ɗakina ce ke riƙe da maganin tana ba ni bisa tsari, na zage ta a kansa fiye da sau ɗaya. Ta ce, "Malam, ka gama zagin, adadin dai shi ne wannan." Kuɗin aikin ma a wurinta na bar su, don ban yarda da kaina ba.

Cikin sanyin ƙarshen 2021 aka yi aikin. Na kwana ba ci ba sha, na yi wasiyya ga ɗan garinmu har yana yi mini dariya. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne fitila a saman kaina da wata ma'aikaciya tana ce mini in ja numfashi. Na fara salati ban kai ƙarshe ba. Na farka maƙogwaro a bushe, hannu a maratayi a kan ciki. Abu na farko da na yi shi ne motsa yatsu ina ƙirgawa. Biyar cif.

Daren farko da na biyu akwai zafi, ba zan yi ƙarya ba. Kwanciya ba ta yiwuwa, a jingine nake barci kusan wata guda. Bayan an cire zare na kama hanyar gida da hoton ƙusoshina a cikin ambulan, kowane rami a hanya sai na ji shi har ƙwaƙwalwa.

Sati huɗu hannun yana rataye, kuma a nan na san darajar dama. Tuwo da cokali a hagu, gaisawa da hagu ina ba da haƙuri, alwala sai an zuba mini. A masallaci hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a sake, abokai suka ce na raba gardamar ƙablu da sadalu, kowa na ba shi rabi. Mai ɗakina ke yi mini wanka kamar jariri. Namijin da bai taɓa zama a hannun matarsa haka ba, akwai abin da bai sani ba game da ita.

Daga nan sai kine, abin da ƴan Najeriya ke kira gashin ƙashi, a nan Zinder na yi shi. Mutane suna ɗauka in an fito ɗakin tiyata an gama, alhali rabin aikin yana wurin nan. Da aka cire maratayi hannun ya sandare, ko bakina ba ya kaiwa. Muka fara da lilo, in sunkuya in bar shi yana reto. Sai sanda, hagu tana tura dama. Sai tafiyar yatsu a bango, ina sa alama da gawayi inda na kai kowace Juma'a. Na rataya igiya a reshen dogon yaron gidanmu ina jan hannu da hannu. Sai daga baya aka shiga ƙarfafa tsoka da roba, ni da tsohon tib na keke na yi. An hana ni ɗaukar nauyi har ƙashin ya kama.

A sati na bakwai na karya doka. Pampo ya kawo ruwa da dare bayan kwanaki, kowa yana gudu da abin tari, na manta na sunkuci jarka da dama. Wani zafi ya soke ni. Na kwana ina ganin babur da adashi da tumakin Inna sun bi ruwa. Da safe aka ɗauki hoto, ƙusoshi suna nan daram. Mai kine ya wanke ni tas, ya ce shekara 16 na yi ina gaggawar komawa fage, in ban koyi haƙuri a wata uku ba to in daina ɓata masa lokaci. A wata na uku hoto ya nuna ƙashin ya haɗe. A wata na shida na ɗaga hannu na ɗauko kwano daga saman kanta, sai da na sauko da shi na lura ban yi tunani ba kafin in miƙa.

Tun ranar aikin ba ta sake fita ba. Ba ta koma sabuwa ba dai. In na juya hannayen biyu baya, na dama yana tsayawa kafin na hagu. Da hunturu tana yi mini tsami da asuba. Gefen tabon akwai inda har yau ba ya jin taɓi sosai. Likita ya ce saboda gogar da gaɓar ta sha shekara da shekaru, ciwon gaɓa na iya zo mini da wuri fiye da tsarana, wannan wuƙa ba ta gyara shi. Ƙusoshin suna ciki, ba a cirewa sai in sun dami mutum. Kokowa kuwa a talabijin nake kallo, in an zo gasar takobi in rufe shago da wuri. Ƙyallen da nake ɗaure hannu da shi na daɗe ban iya barci ba tare da shi ba, sai da mai ɗakina ta mai da shi tsumman goge keke.

Bara aminin Baba ya rasu a ƙauye, wanda suke zuwa kasuwa tare. Ba shi da ɗa namiji a kusa, duk suna Libiya da Agadas. Da aka ce wa zai shiga, na tuɓe takalmi na sauka, ni da ƙanena. Na ɗaga hannu biyu, aka sauko mana da shi. Tsohon ba shi da nauyi, ciwo ya cinye shi. Muka kwantar da shi a kan damansa, aka miƙo itace muka jera, sannan aka kama hannuna na dama aka jawo ni waje.

Da yamma na shiga gaida Inna. Ta amsa tana kallon ƙwaryar da take tsince wake a ciki. Ina fita zaure na ji ta tana tambayar mai ɗakina ƙasa-ƙasa, "Hannun nasa fa, bai ce yana ciwo ba?"